Layi na Shida

Girombaliya, 21 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Insaf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da karatu, da zaman baƙunta a Palermo. Mamanki na gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi. Na rubuto da hannuna ne saboda a tarho ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Ina so ki san abin da kika bar mini. Yau kwana tara iskar shehili, zazzafar iskar nan ta hamada, na busowa kamar an buɗe bakin tanda, ga inabinki gindi sittin tsaye a gefen gonata da jan ƙyalle a wuya, kin hana su ruwa tun farkon Yuni. Har famfunansu kin ɗaure da wayar ƙarfe, sai ka ce a gidan ɓarawo kika yi dashe. Kin ce sai sun ji ƙishirwa za a gane irin da ya gaji juriya a jikinsa. Na ji. Amma ni da na fara da dakon akwatunan inabi a kasuwa ina ɗan shekara sha shida, na tashi da ƙarfina har rabin lardin nan a wurina suke sayen dashe, ban taɓa ganin wanda ya koyi noma da kashe shuka ba. Jiya a gidan shayi wani ya ce mini, "Malam Lazhar, ruwan ne ya ƙare, ko rowar ce ta kai ga itace?" Aka yi dariya. Da ni aka yi.

Matar nan ta cibiyarku ta binciken noma tana zuwa duk sati biyu, ta tsinki ganye ta jefa a tulun sanyinta mai hayaƙi, ta tafi. Ko shayi ba ta tsayawa sha.

Sai maganar layi na shida. Lamba kawai kika rubuta masa, kin zaci ba zan gane ba? Ganyen nan mai gashi ta ciki na san shi tun ina rarrafe. Daga tsohuwar kurangar gidan Baba ne, gidan da Baffanki Mabruk ya riƙe ranar rabon gado, ya ce a gaban jama'a ɗan dako bai san abin da ake yi da ƙasa ba. Shekara sha tara ban taka ƙofarsa ba, ke kuma kin zagaya ta bayana kin kwaso kayansa kin dasa mini a gona. Madalla.

Kada ki damu da shukarki. Ina kula da ita yadda ya kamata.

Mahaifinki,
Lazhar

Girombaliya, 9 ga Oktoba

Insaf,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki, ko da yake takardarki mai shafi huɗu ba ta tambayi tawa ba. Muna lafiya. An gama yankan inabi, an gode Allah.

Kin ce kun bincika ganyen, kun duba ƙwayoyin gadon da ƙishirwa kan tayar, kun tarar suna barci a layi biyar, kamar na shukar bakin kogi. Kin ce malamarku ta tambaye ki a gaban sauran ɗalibai ko an yi ambaliya a ƙasarmu cikin Agusta. Kin ce wata guda kika yi kina zargin hannunki, kina maimaita gwaji, ba kya cin abinci. Wannan na ƙarshe ne kawai ya dame ni.

To, ni ne. Ran sha huɗu ga Yuli da safe na shiga na ga ganye ya fara nannaɗewa, na ɗauko filaya na datse wayarki na buɗe ruwa. Duk sati na riƙa yi, in mayar da wayar kafin matar cibiyarku ta zo. Kuma kada ki sa rai zan rusuna. Abu mai rai yana ƙonewa a gabana, ruwa na cikin bututu taku uku daga jijiyarsa, ki ce in harɗe hannu? Ubana bai koya mini haka ba. Da kin zaunar da ni kin yi mini bayani kamar mutum, ba ki bar mini takardar dokoki kamar sabon lebura ba, watakila da na daure. Makarantata ba ta yi nisa ba, amma ina gane magana idan an yi mini ita. Ban san ganye na riƙe labarin abin da ya sha ba. Yanzu na sani, ya tona ni har ƙasar Italiya.

Kin tambaya me ya sa layi na shida kaɗai ya nuna ƙishirwa ta gaskiya. Kin san amsar, so kike ki gani da rubutuna. Ban ba shi ko ɗigo ba. Na ce kayan Mabruk ne, su mutu in huta. Kullum nakan bi ta wajensu in duba ko sun faɗi. Ba su faɗi ba. Wata uku ba ruwa, ko ganye ɗaya bai zube ba, har sabon toho suka yi don su ƙona mini rai. Mamanki ta ce, "Alhaji, tausayinka ya rusa wa yarinya aikin shekara biyu, mugun halinka ne kaɗai ya bar mata abin kamawa. Ka ji kunya ta fuska biyu." Kwana uku ban ci kuskus ɗinta ba.

Yanzu kin ce za a sallame ki daga karatun, sai fa in kin sake gwajin baɗi a kan irin nan kaɗai, da reshe ɗari biyu daga uwar kurangar. Kuma Baffanki ya aiko miki cewa wannan karon ba zai ba mace ko ɗan aike ba, sai Lazhar ya zo da ƙafarsa. Ki gaya wa malamarki ta nemi wani iri. Duniya cike take da inabi. Ba zan je ba.

Allah ya yi miki albarka duk da haka.

Mahaifinki,
Lazhar

Girombaliya, 17 ga Janairu

'Yata Insaf,

Assalamu alaikum. Ina fata sanyin can bai matsa miki ba. Wata uku ba ki rubuto ba, da Mamanki kaɗai kike magana, ita kuma ta ce kin fara haɗa littattafanki a kwali.

Na je. Kada ki ɗauka nadama ce ta kai ni. Lokacin datsar rassa ne, in ya wuce sai wata shekara, ni kuwa ba zan bari a ce 'yar Lazhar ta dawo gida da kwali ba.

Na same shi a tsakar gida a ƙarƙashin kurangar. Ya tsufa, haƙoran gaba sun tafi, bakin dai na nan. Bai tashi ba. Ya ce, "A'a, ɗan dako. Kaya ka kawo ko kaya ka zo ɗauka?" Na ce, "Yaya, ɗauka na zo." Harshena ya kusa tsinkewa da kiran nan. Ya ce, "Na ji kana shayar da itace a ɓoye kamar mai satar nono." Ashe har nan labarin ya kai. Na fitar da almakashina.

Shekara sha ɗaya ke nan rijiyar gidan ta koma gishiri, ya ce tun lokacin kurangar ba ta ga ruwan hannu ba, kuma bara sai da ya tokare ta da itace saboda nauyin 'ya'ya. Ki rubuta wannan, zai yi wa malamarki amfani. Na yanki reshe ɗari biyu da ashirin, kowanne da ido uku. Yana zaune yana gyara mini yanka, ni da nake koya wa lardi. Da na gama ya ce a kawo amalanke, na ce a bar shi, na ɗaure na saɓa a baya na fita ta tsakiyar unguwa. Ya ce ɗan dako, to ya ga dako.

Rassan na cikin yashi mai laima, za su jira ki har Maris. Ban yafe masa ba, ke ma da sauran magana tsakaninmu.

Abu ɗaya ya rage. Na san kaina, in shehili ta dawo na ga ganye na nannaɗewa, waya ba za ta tsare ni ba. Don haka na sa an ƙera wa famfon akwatin ƙarfe da kwaɗo. Makullin na wurin Baffanki. Na duba duk garin nan, shi kaɗai ne in na je na roƙi makullin zai hana ni, kuma ya ji daɗin hanawar.

Ki kwance kwalin nan. Ki rubuto.

Mahaifinki,
Lazhar