Tabar Wiwin Clarrie Ta Kai Rufi

Litinin, 20 ga Fabrairu
Yau na shiga ɗakin gilashin bayan gida, na tarar tabar wiwin mijina Clarrie ta wuce kaina. A Oktoba ya shuka ta, ni na riƙe masa tukunyar. Wiwi kaɗai ke sa shi barci da ciwon ya tsananta. Kafin Kirsimeti muka binne shi. Ita ba ta sani ba, girmanta kawai take yi.
Ni ko sigari ban taɓa sha ba. Amma ita ce abu na ƙarshe da ya saka a ƙasa.

Laraba, 22 ga Fabrairu
Ta fara fitar da fararen gashi a kan rassa. Fure ke nan. Na tuna yana cewa da zarar ta fara fure sai ta miƙe kamar ana jan ta. Abin da yake yi daga nan ne ban sani ba. Ni dai shayi nake kawo masa in fita.

Asabar, 25 ga Fabrairu
Ba wanda ya kira.

Alhamis, 2 ga Maris
Kanta ya taɓa gilashin rufi. Ganyen sama ya naɗe, bakinsa ya ƙone. Ranar Canberra ba ta da tausayi a wannan wata.
Bronwyn ta bugo daga Brisbane. "Mama, ki tuge ta ki huta mana. Baba ba ya cikin tukunya." Na ce na ji. 'Yata ce, ba da mugunta ta faɗa ba. Na dafa ƙwai, na kasa ci.

Lahadi, 5 ga Maris
Na ɗauko almakashi, na hau kujera zan datse kan. Sai ga muryar Raelene maƙwabciyata ta saman shinge.
"Ke Noreen! Ajiye wannan abin! Aski za ki yi mata?"
Na ce ƙonewa take yi.
Ta zagayo da silifas, ko ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba. Tun bayan jana'iza nake ɓuya mata. Ta ce tumatir ne ake datsewa ko yaushe, wannan in ta fara fure aka sare kai, an zubar da mafi kyawunta. Lanƙwasa ta ake yi.
"Shekaru ina kallon mijinki ta shinge yana yi. Ke kina ina, uwar shayi?"
Ta kama yatsuna ta ɗora a kan karan, ta ce in murza a hankali har ya yi laushi. Na ji wani abu ya fashe a ciki. Na saki, na ce na karya ta, na karya ta. Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba a coci.
Raelene ba ta lallashe ni ba. Ta ce, "Yi kukanki, ƙawata, amma riƙe nan." Muka kwantar da kan gefe, muka ɗaure shi a ƙusar bango da tsohuwar safa.

Litinin, 6 ga Maris
Ta yi yaushi. Kan ya rataye kamar wuyan kazar da aka yanka. Clarrie, in na kashe ta ka yafe mini.

Talata, 7 ga Maris
Haka dai.

Alhamis, 9 ga Maris
Bakin kan ya juyo sama! Karan na kwance, amma tsinin ya ɗago yana neman rana. Wurin da na murza ya yi ƙulli mai tauri kamar gwiwa. Na tsaya a shinge ina kiran Raelene da rigar barci. Ta leƙo ta ce, "Wa ya mutu kuma?" Sai ta toshe baki. Ni ce na fara dariya.

Juma'a, 17 ga Maris
Wani reshe ya nufi rufi. Ni kaɗai na lanƙwasa shi. Hannuwana sun yini suna ƙamshinsa, ƙamshin rigunansa. Ban wanke ba sai yamma.

Lahadi, 16 ga Afrilu
Sanyi ya shigo. Furen ya yi nauyi, gashin ya koma ja. Raelene ta ce lokaci ya yi, in na bar ta ruɓewa za ta yi, shekara ɗaya ce rayuwarta. Wannan kam ban so ji ba.
Na ce ta tafi gida. Ni na yanke, daga gindi. Na rataye ta a gareji. Ban san abin da zan yi da ita ba tukuna.
Ɗakin gilashin ya yi haske da yawa.

Talata, 25 ga Afrilu
Tukunyar ce ta dame ni, ƙasa mai kyau haka a zaune. Da akwai tafarnuwa a kicin da ta fara tsiro, na ɓare na tura a ciki. Don kada ta lalace ne kawai.
Raelene ta ce sai Disamba za a tone. Na ce to, ta zo da kwandonta.