Tabon Fenti a Littafin Girkawa

Daren Juma'a, 12 ga Rajab

Yau na rama. A zaman karatunmu na unguwar Ƙuba, Dakta Sani ya ce, "Kai mai fenti, ina ruwanka da littafin falsafar Girkawa? Koma warsha wurin motocinka." Aka yi dariya, zuciyata ta tafasa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, farar motarka da na mayar ja, ta zama wata motar?"

Ya ce, "A'a."

"To motar ce jauhari, ainihin abu mai tsayuwa da kansa. Launin kuwa arali ne, ba ya tsayuwa sai a jikin wani abu. Babin da ya gagare ku ke nan."

Ya miƙo mini littafin. "Tafaddal, karɓi, mako mai zuwa kai za ka karanta."

Ga littafin nan kusa da matashina, yatsana ya bar jan tabo a bangonsa. Wannan ma arali ne, amma ba zan goge ba.