Yadda Baba Alhaji Ya Sami Kujera a Sabon Kwamiti

Lazare, Yamai.

Zuwa ga ƙanina Abdulrazak, a Kwatano.

Assalamu alaikum. Na ɗoro wa alƙalami gaisuwa mai cikar kogin Isa a ƙarshen damina, da fatan ta same ka cikin lafiya da buɗi, kai da Samira da yara. Allah Ya tsare ku daga zazzaɓin bakin teku, Ya sa albarka a fataucinka. Matata, yayarka Balkisa, lafiya lau, ciwon gwiwarta ya lafa, har ta koma yi mini faɗa a tsaye. Mahaifinku, Baba Alhaji, yana cikin farin cikin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, kuma a kansa ne na zauna rubutun nan.

Ka san meri, wato ofishin magajin gari, ta gundumarmu tana da kwamitocin ba da shawara goma sha bakwai. Ni ina na al'adu da sunayen tituna, Baba kuma shekara ashirin da biyu yana na rumfunan kasuwa. Bana aka kawo sabuwar sakatare, Madam Latifa, mace mai duba agogo kafin ta amsa gaisuwa. Ta bincika ta tarar kwamiti uku suna ba da shawara a kan kwalbati ɗaya ta unguwar Bobiel, kowanne da tasa, ruwa kuwa yana bin hanyar da ya ga dama. Sai aka yanke a haɗe su su koma huɗu, a sallami mutum hamsin da bakwai. An bar ni, an cire Baba. Da yake an san ni da iya magana, ni Madam ta ɗora wa rubuta takardar sallama.

Abdulrazak, ka faɗa mini, wane ɗan halak ne zai rubuta wa dattijo mai furfura “an sallame ka”, balle surukinsa da ko sunansa ba ya iya kamawa? Hannuna ya ƙi. Na cika shafi biyu da yabo, na rufe da baitocin da har yanzu nake ganin ban taɓa yin kamarsu ba:

Ya kai ginshiƙi, bishiya mai yalwar inuwa,
Aikinka ya kai inda ido ba ya kaiwa,
Yau gari ya ɗauke ka daga kujerar gajiyarwa,
Ka hau matsayin da babu mai iya ƙwacewa.

Ni hutu nake nufi. Madam, wadda Hausarta ta kasuwa ce, ta ga tsawon rubutun, ta gaji a layi na huɗu, ta buga hatimi, aka raba wa dukan waɗanda aka sallama. Ranar taron farko na sabon kwamitinmu an jera kujeru shida a biro, wato ofis, sai ga dattawa hamsin da bakwai cikin manyan riguna da turare, kowa yana taya ɗan'uwansa murnar ƙarin girma. Wani daga Zongo har da maroƙinsa ya zo. Madam ta ja ni gefe, ta ce in bi su gida gida kafin Juma'a in faɗa musu gaskiya da baki, ba ƙafiya, ba baiti.

Kwana huɗu ina bisa moto. Na sha shayin da ya ishe ni har Babbar Salla, na sha zagin da ya fi shayin ɗaci, na gama da hamsin da shida. Saura Baba. Sau uku ina cire takalmi a ƙofar zaurensa. Na farko na tarar an yanka rago ana rabon nama. Na biyu tela yana gwada masa sabuwar riga. Na uku ya sa an rataye takardata cikin gilashi, ya umarce ni in rera wa baƙinsa baitocin, na kuwa rera, har da maimaici. Da na koma gida Balkisa ta ce ita ba ta hana ni faɗar gaskiya ba, amma idan hawan jinin tsohonta ya tashi, in fara neman wadda za ta riƙa dafa mini tuwo.

Safiyar Juma'a na roƙi Madam ta soke sunana ta rubuta nasa. Ta ce ita dai kujeru shida ta sani, ko wa ya zauna. Shekara tara ina fafutukar a ba titunan Bobiel sunaye, kada su zauna da lambobi kamar buhunan masara. Yanzu aikin ya koma hannun mutumin da ke son a kira kowane titi da sunan kayan da ake sayarwa a kansa.

Roƙona shi ne ka kira Baba ka taya shi murna, kada kuma wannan magana ta wuce kai da Samira. Jiya ya aika aka kira ni don ya yi mini jaje. Ya dafa kafaɗata, idonsa cike da tausayi, ya ce: “Ka yi haƙuri, ɗana. Gyara irin wannan, dole sai an rage waɗanda ba su da amfani sosai.” Na sunkuyar da kai na ce Allah Ya ƙara girma.

Ka gai da Samira, da Fatuma da Sadiƙ ƙarami, da Inna Indo idan ta iso daga Tawa. Balkisa da 'yarmu Hasiya suna gaishe ku da kyau. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayanka mai zaman gida yanzu,
Ɗahiru Alu.