Na Ce Wa Nas Yarana Na Cikin Leda

Anti Ruriko,

Don Allah ki gaya mini abin da zan saka ranar Alhamis, da abin da zan zubar kafin ranar. Shi ke nan abin da nake so. Nas za ta zo gidanmu ƙarfe goma na safe, kuma ina ganin 'yata za su karɓe.

Ba rubutu nake yi ba, magana nake yi wayar tana rubutawa, in kin ga shirme ki yi haƙuri. Ban yi nisa a makaranta ba, ina shekara sha huɗu na daina zuwa. Haruffanmu masu sauƙi ina karantawa, masu wuyar nan masu rassa da yawa su ne ba ma shiri. Shekarata ashirin da huɗu. A garin Sakai muke, ɗaki biyu, hawa na uku. Mijina Shunpei babbar mota yake ja, kwana uku a hanya, ɗaya a gida. 'Yarmu Suzune wata huɗu da kwana tara.

Shekara shida ke nan ina sa lolita, rigunan nan masu buɗaɗɗen siket da leshi da ribon kamar na 'yar tsana. Na fara ne ina aiki a kamfanin da ake zuba shinkafa a kwali, inda kowa fari fat daga kai har ƙafa, ido kawai ake gani. Rigata ta farko a gwanjo na samo ta a unguwar Amemura, ruwan hoda mai zanen kofunan shayi, wata ta ɗan ƙona mata gefe da dutsen guga. Ke da kika daɗe kina sa lolita, kin dai san yadda muke magana. Ba ma cewa na sayi riga, sai dai na kawo yarinyar nan gida. Haka na tarar ana faɗa, haka bakina ya saba. Yanzu su sha ɗaya ne.

Da cikina ya kai wata takwas aka ce sai an nemo wurin gadon jariri. Shunpei ya kawo manyan ledojin nan da ake matse bargo a ciki. Na ninke su ɗaya bayan ɗaya, har da fatarina biyu masu tayar da siket, na sa injin shara na zuƙe iskar. Ina kallo suka shafe suka zama kamar busasshen kifi. Na tura su can ƙuryar kabad. Na ɗauka zan yi kuka, ban yi ba. Na ce to gajiya ce, in na haihu zai wuce.

Na haihu bai wuce ba. Anti, ina yi mata komai. Nono a kan lokaci, wanka, yanke farce, ban taɓa barin ta da jiƙaƙƙen kunzugu ba. Amma kamar ina tsaye ne a gaban bel ɗin kamfani, kwali ya zo na cika, wani ya zo. Tana yi mini murmushi ina mayar mata, don na san haka ake yi. Abinci ma duk ɗanɗanonsa ɗaya.

To ranar Juma'a aka kira mu awon wata huɗu a cibiyar lafiya ta unguwa. Ni kuma tun da can in zan shiga wurin ma'aikata da kayan mutane, harshena naɗewa yake yi. In na sa lolita ne nake iya buɗe baki. Sai na farke leda ɗaya na ciro shuɗiyar, mai roba a baya, ita kaɗai ke shiga ta yanzu. Fatarin ya mutu, na girgiza na girgiza bai tashi ba, haka na sa shi. Na sa bulawus, safa, ribon a kai, na goya Suzune a gaba, abin goyon ya murƙushe ƙullin ƙirjin. Na san in 'yan ƙungiyarmu ta masu lolita suka gan ni sai sun kau da kai. Sauran iyayen kuwa duk kaya ruwan toka da ruwan ƙasa suka sa. Suka yi ta kallo. Wannan bai dame ni ba, na sa fuskar da muke sawa a jirgin ƙasa, wadda ba ta gani ba ta ji.

Nas ɗin babba ce, mai tabarau da igiya a wuya. Ta auna Suzune ta ce lafiyarta lau, har ta yaba cinyoyinta. Sai ta juyo kaina, tana tambaya ko ina barci, ina cin abinci, ina dariya kamar da. Na ce dariya kam a'a. Ta ce tun yaushe. Ni kuma ban yi tunani ba, na ce, "Tun ranar da na sa yaran a leda."

Biron ya tsaya. Ta ce waɗanne yara.

Na ce, "Su sha ɗaya. Na zuƙe musu iska na tura su kabad, don wannan ta samu wuri."

Ta ajiye biron a hankali ta kalli abokiyar aikinta. Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. Na ce riguna ne, riguna, na ja wuyan wadda ke jikina ina nuna mata. Ta dafe ƙirji ta sauke numfashi, ta ce 'yar nan saura kaɗan ki kashe tsohuwa. Suka yi dariya su biyu. Ni ban yi ba. Na so in yi, fuskar ce ta ƙi sauka. Ta daɗe tana kallona, sai ta ɗauki biron ta yi ta rubutu, shafi guda cur.

Jiya Litinin takarda ta zo. Abin da na iya karantawa ziyarar gida, Alhamis, ƙarfe goma. Sauran duk masu rassa ne.

Na kira Shunpei yana wajen Hiroshima. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ke kam ba kya rabo da abin magana. Ya ce labulayen nan naki, haka yake kiransu, ki fitar da su ranar Laraba da shara, ki ari rigar sanyin ƙanwata ruwan toka, ki ɗaure gashi, ki zama kamar uwar mutane na awa ɗaya. Ba mugu ba ne, Anti. Shi ya ɗauke ni hoto ranar da na fara sa baƙar mai leshi. Na ji a muryarsa shi ma tsoro yake ji.

Yanzu duk na farke ledojin, ga rigunan nan shimfiɗe a tabarma, duk sun yamutse. Tun safe nake zaune a gabansu ina jira in ji wani abu. Na ɗauki mai kofunan shayin na shinshina, warin leda kawai. Tsoron ma a kai nake jin sa, kamar lissafi, bai sauko ƙirji ba. Abin da nake ta juyawa shi ne, in na sauke su ƙasa ranar Laraba motar shara ta tafi da su ban ji komai ba, to ranar da aka zo ɗaukar Suzune ma haka zan tsaya a bakin ƙofa ina kallo?

Ki gaya mini, uwa tana sa lolita? In tana sawa, mene ne dole, mene ne ba dole ba? Fatarin da ya mutu yana tashi? In kin ce in zubar zan zubar.

Shunpei ya san maganar leda, bai san sauran ba. Mahiro, ƙawata da muke sa riga iri ɗaya, na tura mata hoton fatarin kawai, ta turo fuskar kuka ta ce in zo shan shayi ƙarshen wata. Uwata ba ni da lambarta. Maganar rashin jin komai, nas ta ji rabi. Wayar nan ce ta ji duka, sai ke.

Maman Suzune, Sakai

*

Ƙanwata Maman Suzune,

Kada ki sauke riga ko ɗaya ranar Laraba. Abin da za ki kai shara ledojin ne, dukansu, yau ma ki ƙulle su ki ɗaga sama. Suzune ta kusa fara birgima, kuma a duk abin da kika lissafa su kaɗai ne haɗari gare ta.

Zan faɗa miki gaskiya, na yi dariya da na kai wurin yara sha ɗaya, don ni ma nawa talatin ne da wani abu, kuma haka nake kiransu. Amma ki lura, nas ɗin ta fahimce ki, har ta dara. Ba riga ce ta sa ta cika shafi ba. Ta ga yarinya ta yi abin dariya ta kasa dariya, shi ya tsaya mata a rai. Ban ga takardar ba, ba zan yi miki rantsuwa a kan abin da ke ciki ba. Abin da na sani, irin wannan ziyara ana kai wa iyaye da yawa, kuma uwar ake zuwa dubawa don a tallafa mata. Jaririyar da aka auna aka yaba cinyoyinta ba ita ce abin damuwarsu ba. Akwai lambar waya a ƙasan takardar. Ki kira gobe da safe ki ce, ban iya karanta wannan ba, a karanta mini. Ba ke ce ta farko da za ta faɗa musu haka ba.

Wannan daskarewar da kike ji ba halinki ba ne, ba kuma rashin son 'yarki ba ne. Ciwo ne da ke kama mata da yawa kafin haihuwa ko bayanta, likitoci sun san shi, ana magani a warke. Wasu kuka yake sa su, wasu kuma ya ɗauke musu komai kamar yadda ya yi miki. Ranar Alhamis ki ba nas sauran rabin. In harshe ya naɗe, miƙa mata wayar ta karanta abin da kika aiko mini. In kuwa kafin ranar tunanin cutar da kanki ko yarinyar ya zo miki, kada ki jira Alhamis, ki kira su nan take ko ki tafi asibiti.

Shunpei yana da gaskiyarsa. Ido na fara yanke hukunci kafin kunne, kuma yana son a ga matarsa da mutunci. Inda ya kuskure, in kika sa kayan aro kika yi shiru, nas za ta tafi da zaton komai lafiya, a bar ki yadda kike. Ki gaya masa abin da kika ɓoye, ki ce ya nemi canjin aiki ya zauna kusa da ke ranar. Ya fi rigar ƙanwarsa amfani.

Yanzu kaya. Eh, uwa tana sa lolita, na raini maza biyu a cikinta. Ki sa shuɗiyar nan mai roba a baya, tunda a cikinta kike iya magana. A ƙarƙashinta bulawus ta auduga mai maɓalli a gaba, saboda shayarwa. Wandon ciki mai tattara, safa mai tsabta, shi ke nan kin cika. Babban fatari ki bar shi, a tabarma za ku zauna, mai laushi ɗaya ya isa, babu ma ba laifi. Igiyoyin ƙugu ki ɓalle su. Zobe, abin maƙalawa a ƙirji, ribon mai ƙarfe ko fil, da duk wani abu mai ƙananan duwatsu, su huta sai ta yi wayo. Babban ɗana ya taɓa haɗiye dutsen wuyan rigata, kwana biyu muna bincike a kunzugu, ba na so ki san wannan aikin. In za ku fita, takalmi marar tsini, kuma ki bar lema, hannu biyun nata ne.

Fatarin kuma, ki rataye shi kai ƙasa a banɗaki bayan wanka mai zafi, tururi ya shige shi, ki bi shi da hannu kina raba shi falle-falle. Wani yana tashi, wani ba ya komawa yadda yake. Rigunan ma tururin zai sake su. Ki rataye su a fili, kada ki ɓoye. In nas ta shigo, ki nuna mata su ki ce ga yaran. Kuma ki kira Mahiro da murya, ba hoto ba. Ki ce ba shayi kike bukata yanzu ba, ta zo ta riƙe miki Suzune ki yi barcin awa biyu.

Kin tambaye ni ko za ki tsaya a bakin ƙofa kina kallo. Ba na jin haka. Wata huɗu ba ki ji daɗin komai ba, amma ba ki tsallake shayarwa ko sau ɗaya ba, kuma kin yarda ki zubar da abin da kika fi so a duniya kafin a tambaye ki. Jin zai dawo a hankali, da magani da barci da mutane. Kafin ya dawo, abin da hannuwanki ke yi ya isa shaida.

Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki Suzune a hannunki. Ranar Alhamis ki buɗe ƙofar da kanki.

Antinki Ruriko