Bishiyoyinka Suna Nan Tsaye, Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifina, Allah Ya ji ƙanka. Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Ni ce ta fari, ba ka taɓa kiran sunana ba, sai dai ka ce "yarinyar nan", ni ma ban taɓa haɗa ido da kai ba. Amma labarin nan ya fi ƙarfin kunyata.

Tun rasuwarka shekarun suka yi tsanani. Ruwa ya yi ta makara, takin zamani ya gagari kowa a ƙauyen nan, rumbunmu ya ƙare tun kafin shuka.

Da farkon damina tsutsotsi suka auka wa ɗorawa da kanyar da ka bari a ƙarshen gonarmu ta hanyar Zakirai. Suka cinye ganye ƙarƙaf. Baffa Sale, ƙanenka, ya ce bishiyoyin sun mutu, zai kira masu gatari a sayar da itacen a sayo hatsi. Inna ta shige ɗaki.

Na je in yi musu kallon ƙarshe. Ina tsaye a gindin ɗorawa sai na ji kamar yayyafi, alhali babu hadari. Ashe kashin tsutsotsin ne ke zubowa, baƙi, ƙanana kamar ƙwayar gero, har ya rufe ƙasa. Nan na tuna darasin Malama Hadiza a makaranta. Ta ce busasshen ganye yana daɗewa bai ruɓe ba, amma wanda ya bi ta cikin ƙwaro ya riga ya narke, ruwa na taɓa shi zai shiga ƙasa ya ciyar da saiwa. Na kuma tuna yadda kake hana mu jifan irin tsutsotsin nan, kana cewa, "Ku ƙyale su, ba gudu za su yi da ganyen ba."

Na cika bakin hijabina na kai wa Baffa. Na durƙusa na roƙe shi ya jira zuwa kaka. Ya yi dariya ya ce, "Duk bokon naki kashin tsutsa aka koya miki?" Amma bai kira masu gatarin ba.

Na riƙa sharowa a kwando ina zuba wa gindin gero, ƙannena suna bina da waƙar "amaryar tsutsa". Ban kula su ba.

Baba, bishiyoyin sun sake tofo! Ganyen ya fi na da kauri. Geron da na zuba wa ya yi shar har ya ɗara tsayin Baffa, na sauran gonar kuwa ya tsaya rawaya-rawaya. Ranar ɗauri Baffa ya ɗaga zangarniya ɗaya, ya daɗe yana jinjina ta, sannan ya ce wa ƙannena, "Baɗi kowa ya nemi kwandonsa, ku bi yayarku." Inna ta yi dariya, karo na farko tun takaba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa inuwar da ka bari ta zame maka sadaka mai gudana. Amin.

Daga 'yarka, "yarinyar nan".

Idan ɗorawar ta yi fure, ka yarda in sake rubuto maka?