Ramin da Aka Zuba Amos

Tennessee, Disamba 1864

Da safe na fere allunan kabari arba'in.

Yaya Lavinia, ina gaisuwa. Ya jikin Mama? Ni lafiya lau.

Sojojinmu na Arewa kowa da kabarinsa da sunansa, 'yan Kudu kuwa rami ɗaya ake zuba su. Jiya na ga gawar ƙaninmu Amos a cikinsu, shi da ya tafi yaƙi don kada a 'yanta bayin Baba. Na tsaya kallonsa. Sajan ɗinmu ya ce, "Malam, ka san karen nan ne?" Na ce a'a. Da ƙafa ya tura shi. Har yanzu ban gane abin da ya sa na musanta shi ba, tsoro ne ko tsohon fushi.

Ki ce wa Mama ban ji labarinsa ba. Allah ya ba ta lafiya.

Ƙaninki, Elihu

Gobe:
wasa wuƙa
rubuta sauran sunaye
rufe ramin 'yan Kudu