Dutsen da Ruwa Ya Haifa

Danyang, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga Du-man,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka. Yaya ƙugun naka? Yayarka Sun-rye na nan ƙalau, sai dai gwiwa.

Shekara tara ke nan ina magana ɗaya ba mai saurare. Kai ka fasa mana tsohon daɓen da wutar icce ke ɗumamawa, ka shimfiɗa bututun ruwan zafi, ka kafa tukunyar dafa ruwan nan. Shekara biyu ana yabonka, daga nan ta fara ƙugi kamar cikin mayunwaci. Yanzu jikinta zafi yake har ba ya taɓuwa, sai wutarta ta mutu da kanta, daɓe kuwa sanyi ƙarara. Ina zafin yake tafiya?

Ranar bikin girbi na ce maka a gaban mutane aikin ɗan koyo ka yi. Ka ɗauki hularka, ba ka ƙara taka gidan nan ba. Ban janye ba.

Kada ka ce ban kula da tukunyar ba. Kowace kaka nakan zubar da tsohon ruwanta tas, in cika ta da sabo daga rijiyar da na haƙa da hannuna. Wa ke wanka da ruwan bara?

Gobe mai gyara zai zo ya yanka bututun. Zan aiko maka da shaida.

Mijin yayarka,
Yeom Chil-bok

Danyang, 9 ga Nuwamba

Du-man,

Gaisuwa mai yawa. Yaya sanyi a wajenku?

Farin abin da ke cikin ambulan nan daga tukunyar ya fito. Ka ƙwanƙwasa shi, dutse ne. Bututun da babban yatsana ke shiga, yanzu tsinken cin abinci ma da ƙyar. Na ƙarƙashin daɓe kuma baƙar laka ya amayar, bokiti biyu.

Mai gyaran ya ce kamar ƙanzon shinkafa ne a gindin tukunya: wuta na ci, ƙarfe na ƙonewa, zafin bai isa ga ruwa ba. Wai ruwan tuddanmu farar ƙasa gare shi, idan ya sha wuta sai ya ajiye ta. Wai tsohon ruwa ya riga ya sauke kayansa, sabo ne ke kawo wani, da iskar da ke sa tsatsa. Da na gaya masa yadda nake yi kowace kaka, sai ya sunkuyar da kai. Yayarka ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga baya na iske ta a madafa tana share ido.

Na ɗebo ruwan a kofi na ɗaga shi ga rana. Garau. Ina dutsen yake ɓuya? Shekara hamsin ina shan sa, ke nan ni ma akwai shi a cikina? Yayarka ta ce ba a ciki yake ba, a kai yake.

Ta kuma ce wai tun ranar farko ka hana ni canja ruwan, na ce yaron da na goya ba zai koya mini ruwa ba. Ni ban tuna ba.

An wanke bututun, daɓe ya ɗauki ɗumi. Wurin da ya fi zafi yayarka ta shimfiɗa tabarma ta hana ni zama, kuma ba ta faɗi ko na wa ne ba.

Yaron garin nan mai gyara ba zai gamsar da ni ba. Kai ka kafa tukunyar, kai za ka zo ka nuna mini yadda ruwa ke haifar dutse, ka kuma gaya mini ido da ido ko ka hana ni ɗin. Motar haya ta ƙarfe goma na nan yadda ka san ta. Ka amsa mini, mai taurin kai kawai.

Yayanka,
Chil-bok